Abin Da Aka Rubuta A Sama

Ranar da Ruth ta fara ganin Benson, rungume yake da bishiya. Ta je Kakau sayo wa mamarta doya, sai ga saurayi a gefen hanya ya zagaye maɗaci da hannu biyu, kuncinsa a jikin ɓawo. Dariya ta ƙwace mata. Ta tambaye shi ko 'yan matan Kaduna ne suka ƙare.

Da ya saki bishiyar, ashe tef ɗin awo ne a hannunsa, irin na tela. Ya ce wani kamfanin jirgin sama mai arhar tikiti yake wa aiki. Kamfanin ya yi alkawarin shuka itatuwan da za su shanye hayaƙin da jiragensa ke zubarwa a sama, shi kuma yana auna kaurinsu don a san nawa suka sha.

"Bishiya tana shan hayaƙi?"

"Da shi take yin jiki," in ji shi. "Taɓa ki ji."

Ta ɗora tafinta a jikin ɓawon. Shekara huɗu tana koyar da 'yan firamare a unguwar Television, ba ta taɓa tunanin iska na iya zama katako ba. Doyar dai sai da mama ta yi waya sau biyu kafin ta tuna da ita.

Washegari saƙonsa ya shigo wayarta: "Inuwata, na auna itace tamanin yau, ba wanda ya yi mini dariya. Aikin ba daɗi."

Ta mayar: "Mai Tef, ka ci gaba da rungumar su, amma ka rage mini wuri."

Bayan wata bakwai ya je gaida mahaifinta, Baba Elisha, wanda ya yi shekara ashirin da shida yana buga tafireta a wata masaƙa a Kakuri. Tsohon ya tambayi sana'arsa. Benson, bawan Allah, maimakon ya yi bayani, sai ya ce, "Aikin kabon nake yi, Baba."

Shi ke nan ya ɓata. A wurin Baba Elisha kabon ɗaya ne a duniya: shuɗiyar takardar nan da ake sakawa tsakanin takardu biyu. Wa ke sayenta a zamanin kwamfuta? Ya yanke cewa yaron ko maƙaryaci ne ko ba shi da aikin yi. Da Ruth ta warware masa cewa kabon na hayaƙin jirgi ake nufi, abin ma sai ya ƙara zafi. Alkawarin kamfani? Su ma an rantse musu ba za a rufe masaƙa ba. Ga Caleb mai kemis, ɗan dattijon coci, yana neman aurenta, da sana'ar da ido ke gani.

Ruth ta yi kuka har idonta ya kumbura, don tana son babanta, tana kuma son Mai Tef. Ta rubuta masa: "Baba ya ce kabon na gaskiya, abin da aka rubuta a sama shi ke fitowa a ƙasa. Wai ka nuna masa kwafi, in ba haka ba ka manta da ni."

"Ki kawo shi Kakau ranar Asabar, Inuwata."

Suka zo. Tsohon ya shiga cikin maɗatai da ɗorawa yana dogara sanda. Ya san filin nan fayau yake a da. Yanzu ga sanyi, ga kukan tsuntsaye ta ko'ina. Suna tsaye jirgi ya gifta can ƙololuwa, ya ja farin layi a sararin sama kamar da alli. Baba Elisha ya cire hula, ya bi layin da ido har ya narke.

"To, ga rubutun sama," ya ce a hankali. "Waɗannan sun shanye shi duka?"

Ruth ta kafe Benson da ido, zuciyarta na roƙonsa ya ce e.

"A'a, Baba. Ko kusa. Dubu ashirin aka yi alkawari, dubu shida ne suka rayu. Haka na rubuta wa ofis, har manaja ya daina amsa gaisuwata."

Baba Elisha ya daɗe yana shafa ɓawon wata ɗorawa.

"Kwafinka ya dushe, ɗana, amma rubutun ɗaya ne da na sama. In kwafi ya dushe, ba a yaga shi. Ƙara danna hannu ake yi."

Farkon damina aka ɗaura auren a cocinsu na Television. Bayan an sa hannu a rajista, Baba Elisha ya zaro wani tsohon ambulan daga aljihun babbar rigarsa. A ciki shuɗiyar takarda ce guda ɗaya, ta ƙarshe da ya fito da ita daga masaƙa. Ya ɗora ta a tafin Ruth, ya kifa tafin Benson a kai, ya danna da ƙarfi.

"Abin da ka faɗa mata yau da baki, ya fito a zamanku. Allah ya yi muku albarka."

Coci ta amsa da amin. Da suka raba hannu, tafin kowannensu ya yi shuɗi.