Ƙofar Da Ba Ta Da Alama

Laure na kwashe tuwo aka banko ƙofar ɗakin ba sallama. Yaya Tijani ne, wan mijinta Salifu, mai butik, wato shagon da Salifu ke tsaro a kasuwar Tamanrasset ta ƙasar Aljeriya. Ko takalmi bai cire ba.

"Ke! Gidan wa kika ƙwanƙwasa jiya kina tambayar majami'a?"

Mara ta faɗi daga hannunta. Salifu da ke zaune a tabarma ya ɗago kai.

"Yaya, an ce mini akwai wasu baƙi a can..."

"Gidan wani Balarabe ne, ɗan ƙasa! Da ya kira polis fa? Mu nawa ke da takardu a nan? So kike a loda mu a mota a watsar a Assamaka, bakin iyakar Nijar, saboda ke?"

Laure ta sunkuyar da kai. Wata takwas ke nan da ta dawo daga Maradi, inda ta yi jinyar mahaifiyarta a wani asibitin mishan. Tsohuwar ba ta tashi ba, amma a can Laure ta ba da gaskiya ga Yesu. Ranar da ta dawo ta faɗa wa mijinta da bakinta. Ya yi kuka, ya yi lallashi, daga baya ya yi shiru. Tun lokacin duk Lahadi take fita neman masu bi irinta, ta dawo ƙafa duk ƙura, ba ta ga kowa ba.

Tijani ya juya wurin ƙanensa. "Salifu, na ba ka zuwa Juma'a. Ko ka sallame ta ta koma gida, ko ka aje mini makullin butik. Inna ma na buga mata waya, ta ce haka."

Yana fita Laure ta durƙusa, hawaye na zuba. "Maigida, ka yafe mini. Wallahi ba don in tozarta ka nake yi ba. Ni kaɗai ce, ba wanda zan tambaya, ko addu'ar ma ban iya sosai ba..."

Salifu ya miƙe ya fita, tuwon ko taɓawa bai yi ba.

Kwana huɗu ba magana tsakaninsu. Ya fita da sassafe, ya dawo da yamma riga duk siminti, tafin hannu a faffashe. Ta kai masa ruwa, ta aje abinci, ba ta tambaya ba. Ranar Alhamis ta ninke zannuwanta a jaka da kanta, don kada ya ji nauyin faɗa mata.

Juma'a da hantsi ya ce, "Sa mayafinki."

Ta ɗauki jakar, ya karɓa ya aje a ƙasa, ya yi gaba. Tana biye da shi, tana cewa a ranta ko kayan ma ba za a bar ta ta tafi da su ba. Suka iso inda motocin Agadez ke lodi. Ta rage tafiya. Bai tsaya ba!

Can cikin unguwar Gataa El Oued, a wani lungu, ya ƙwanƙwasa wata ƙofar ƙarfe mai tsatsa. Wata dattijuwa ta leƙo, ta dube shi, ta dube ta.

"Kai ne Salifu na shantiye, wurin ginin nan? Ita ce wannan? Shigo, 'yata, shigo! Sunana Rifkatu, daga Jos nake. Yanzu za mu fara service, sujadarmu."

Laure ta daskare. Daga ciki tana jin muryoyi ƙasa-ƙasa, mutum kamar goma sha biyu, suna waƙa da Hausa.

"Amma Mama, yau Juma'a ce..."

"Ai Lahadi a nan ranar aiki ce, wa zai samu zuwa? Yau muke coci. Mijin nan naki kwana huɗu yana ɗaukar bulo tare da ɗana kafin ɗan nawa ya yarda ya faɗa masa inda muke taruwa."

Ta juyo wurin Salifu. "Butik ɗin fa?"

"Tun Litinin na mayar da makulli." Ya kauda kai. "Laure, ban yarda da hanyar da kika ɗauka ba, kullum ina roƙon Allah a kanki. Amma ba zan bari matata ta yi ta yawo tana ƙwanƙwasa ƙofar mutane ba. Shiga. In an sauko daga masallaci zan zo in ɗauke ki."

Ta fashe da kuka. Mama Rifkatu ta rungume ta ta ja ta ciki.

Shekara guda Tijani ko gaisuwarsu ba ya amsawa. Laure ba ta fasa aika masa abinci ba, ana maido da kwanon a rufe. Sai ranar sunan 'yarsu ta fari ya zo da rago, ya zauna a waje, ya ce a miƙo masa jaririyar.

To 'yan'uwa, saɓanin addini a gida ɗaya abu ne mai ciwo, ba a raina shi. Amma Laure ba ta ɓoye gaskiya ba, ba ta rama da baki ba. Salifu kuma bai wulaƙanta amanar da aka ba shi ba. Haƙurin da suka yi shi ya riƙe musu gidansu.