Wuƙar Tagulla a Al Aziziya

Ƙarfe bakwai da minti goma na safe Garzali ya tarar da Masahudu mai gadi kwance rubda ciki a gindin mutum-mutumin sojan yumɓu, ƙeyarsa a fashe. Jini ya malala har ƙarƙashin tabarmin da yara ke zama. Gefe guda tukunyar kashe gobara ce a yashe, gashi da fata sun manne a gindinta.

Garzali ne shugaban masu gadi a wannan ƙaramin gidan tarihi mai zaman kansa da ke Al Aziziya. Kafin ya zo Doha ya yi shekara goma sha ɗaya yana sajan a sashen binciken laifuka a Gusau, don haka gawa ba baƙuwarsa ba ce. Amma bai taɓa tsayawa a kan ta mutumin da suka ci abinci kwano ɗaya jiya ba. Ya durƙusa ya taɓa wuyan. Da sauran ɗumi, babu rai.

Alidu, ɗayan mai gadin safe, yana tsugune jikin bango yana kuka, hannayen rigarsa duk jini. Shi da mamacin duk 'yan zangon Kumasi ne a ƙasar Ghana.

"Maigida, ina ƙofar waje tun shida," in ji shi. "Na shigo shan ruwa na gan shi haka. Na ɗaga shi, na kira sunansa, bai amsa ba."

Saura mako ɗaya a fara gasar kofin duniya, kuma ranar ce ziyarar makaranta ta ƙarshe kafin hutu. Motar 'yan aji huɗu na firamare tana bakin ƙofa. Sun zo ganin kayan tsohuwar ƙasar Sin: sojojin yumɓu na kwaikwayo, rubutu a kan gora, da wata wuƙar tagulla ta gaske ta zamanin daular Cin, mai shekara fiye da dubu biyu. Garzali ya aika a ce wa direba kada yaro ko ɗaya ya sauko, sannan ya kira 'yan sanda.

Laftanar Jasim ya iso da mutanensa cikin minti goma sha biyar. Suka tarar makullin akwatunan gilashi yana aljihun mamacin. Na'urorin ɗaukar hoto na zauren a kashe suke kwana biyu, ana sauya su saboda baƙin gasar. Da wani ɗan sanda ya ɗaga wuƙar da ke cikin gilashi, sai ya ji ta sakayau. Ta roba ce, irin wadda ake ba yara su taɓa. Ta gasken ta tafi.

"Ta wa ce wannan?" in ji Laftanar da Larabci.

"Daga akwatin darasin Malama Haulat take," in ji Garzali.

"Shi ke nan. Kawo malamar. Kai za ka yi mana tafinta."

Malama Haulat 'yar Zariya ce, ita ke koyar da yaran da ke zuwa gidan. Ta shigo da takunkumi a fuska, idanunta sun yi ja.

"Malama, yaushe kika shigo yau?" in ji Garzali.

"Shida da rabi. Na shimfiɗa tabarmi, na gaisa da Masahudu, na fita jiran motar yara."

"Kin buɗe akwatinki?"

"Ban buɗe ba. Tun jiya na shafe komai da maganin kashe cuta na rufe. Ba shi da kwaɗo, yana ɗakin darasi."

"Me ke ciki?"

"Wuƙar roba, guntayen gora, hatimai na katako, da gwangwanin jan tawada. Yara suna buga hatimin sunansu a takarda kamar yadda sarakunan Sin ke yi, su tafi da ita gida."

Laftanar ya riga ya sa a ciro ankwa. Garzali ya roƙe shi minti biyar, ya ja Malama gaban gilashin, ya nuna mata hoton da 'yan sanda suka ɗauka kafin su taɓa komai.

"Haka kuke ajiye ta?"

Ta duba sau ɗaya. "A'a. An juya ta. Ga rubutun nan uku a jikin ruwan wuƙar, kansu a ƙasa. Kullum ina sa yara su karanta su daga sama zuwa ƙasa. Ɗan aji biyu ma ba zai ajiye ta haka ba."

Garzali ya fassara, ya ƙara da nasa: wadda ta shekara tana koyar da haruffan nan ba za ta kifa su ba, kuma ba za ta bar kayanta a wurin kisa ba. Laftanar ya mayar da ankwar.

Na biyu da aka tuhuma shi ne Issifu, direban gidan, shi ma ɗan Ghana. Jiya da rana kowa ya ji shi yana ce wa Masahudu zai fasa masa kai.

"Wallahi ƙwallo ne, Maigida," in ji shi. "Ya ce Ghana ba za ta ci wasa ko ɗaya ba. Baki ne kawai."

"Ina kake daga shida zuwa bakwai?"

"Filin jirgin Hamad. Na je ɗauko baƙon manaja."

Ya zaro takardar ajiye mota. Shiga biyar da hamsin, fita bakwai da ashirin. Laftanar ya buga waya filin jirgi, aka tabbatar. Aka sallame shi.

Garzali ya shiga ɗakin darasi shi kaɗai, ya sa safar hannu, ya ɗaga murfin akwatin. Gwangwanin tawadar ya kife, murfinsa ya zame, an shafo ta a bakin akwatin. Ya dangwala ya murza. Tawadar mai ce, ja wur, ba ta da niyyar bushewa.

Da ya dawo zauren tara ta kusa. Alidu na zaune a kan benci, an ba shi ruwa. Garzali ya zauna kusa da shi kamar mai ta'aziyya.

"Alidu, ka shiga ɗakin darasi yau?"

"Me zai kai ni, Maigida?"

"Ko jiya?"

"Ban taɓa shiga ba. Aikina ƙofa ne."

"Miƙo hannunka."

Jinin da ke hannun rigar ya bushe, ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, ya yi tauri. Amma a cikin bakin hannun dama, wajen maɓalli, akwai wani ɗigo da ke nan ja wur yana sheƙi. Garzali ya goga da yatsa, ya ɗaga wa Laftanar.

"Jini yana baƙi in ya sha iska," in ji shi da Hausa, idonsa a kan Alidu. "Wannan tawadar yara ce. Wuri ɗaya take a duk gidan nan."

Alidu ya sunkuya kamar zai ɗaure takalmi, ya zaro wuƙar daga cikin safa, ya kawo sara. Garzali ya tare da hannun hagu. Tagullar ta tsaga shi daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu, ya ji ta karci ƙashi. Alidu ya yi ƙofar baya a guje. Garzali ya bi shi jini na zuba, ya cafko ƙafarsa, suka faɗa kan sojan yumɓu, ya tarwatse a kansu. Alidu ya sake kawo suka, ta wuce ta gefen haƙarƙari ta yage riga da fata. Garzali ya danne hannun da gwiwa, ya riƙa buga shi da ƙasa har yatsu biyu suka karye, wuƙar ta faɗi. Sai da 'yan sanda uku suka taru kafin a ɓamɓare shi daga wuyan Alidu.

Ana ɗaure wa Garzali raunin hannunsa a motar asibiti ya yi wa Laftanar bayani. Ɓarawon na gida ne, domin ma'aikata kaɗai suka san na'urori a kashe suke. Bai san rubutun Sin ba, shi ya sa ya kifa wuƙar. Ya ɗauko ta robar da gaggawa, ya ture gwangwani. Makullin yana wurin Masahudu, kuma Masahudu ba mai bayarwa ba ne, sai ya zo masa ta baya da tukunya. Ya buɗe gilashi, ya yi musanya, ya mayar da makullin aljihun gawa. Jinin da ya fantsamar masa ya rufe shi da cewa ɗaga mamacin ya yi. Bai samu fita da wuƙar ba saboda motar yara ta iso da wuri ta tare ƙofa, kuma ba wanda ya yi tunanin caje mai kuka.

Kafin azahar Alidu ya amsa. Wani baƙo da ya zo kallon gasa ne ya gan shi a kasuwar Souq Waqif, ya yi masa alkawarin takardar zama a Turai in ya kawo wuƙar. Da yamma aka kama baƙon a otal.

Ɗinki talatin da huɗu aka yi wa Garzali, likita ya ce ƙaramin yatsansa ba zai ƙara lanƙwasawa ba. Malama Haulat ta zo duba shi. Ta ce ta raka yaran har makaranta, ta ce musu bututun ruwa ne ya fashe. Ta kawo masa lambar matar Masahudu daga ofis, domin shi zai sanar da ita, manaja ba ya jin Hausa.

Ya daɗe yana kallon lambar kafin ya danna. Aka ɗauka a ƙara na biyu, ana jin hayaniyar kasuwa da kukan jariri.

"Salamu alaikum. Wasilatu ce?"

"Ni ce. Wane ne? Lambar Qatar ce, ko? Ba Masahudu wayar, tun safe nake nemansa."

"Sunana Garzali, tare muke aiki," in ji shi. "Baiwar Allah, akwai babba kusa da ke? Nemi wuri ki zauna tukuna."