Ranar da Bangon Kawu Bai Mutu Ba

Ƙarfe tara da 'yan mintoci na safiyar Litinin wani dogon mutum ya shigo caji ofis, hular kwano a hannu, yana tura wata mata a gabansa. Ya ce ɓarauniya ya kawo. Awarwaron zinare biyu na marigayiya matar kawunsa sun ɓace daga gwangwanin da ake ajiye su, kuma jiya da yamma da idonsa ya ga wannan mai girkin ta shiga ɗakin kwana.

 Matar ta zauna a bakin benci tana kallon ƙasa.

Sufeto ba mai yawan magana ba ne. Ya nuna wa mutumin kujera, ya bar shi ya yi ta zuba, Saje yana rubutawa. Dogo ake ce masa, ɗan ƙanwar tsohon ne, kuma shi kaɗai ne cikin dangi yake leƙa shi, duk Lahadi. Ya ce jiya ya iso ƙarfe huɗu, ya tarar kawu yana gyangyaɗi a kujera. Dikodar gidan ba ta kama tashar ƙwallo, shi ya sa ya buɗe manhajar da ke cikin talabijin ɗin ya kalli wasa. Daga kujerarsa kuwa ana hango ƙofar ɗakin kwana.

"Ko fitsari ban tashi ba, yallaɓai. Fitilun nan na bayan talabijin sun mai da bangon kore shar, kai ka ce a tsakiyar fili nake zaune."

Sufeto ya sa aka ajiye matar a bayan kanta, ya ce wa Dogo ya tafi, za a neme shi.

Sufeto da Saje suka nufi gidan kawun, yana hawa na biyu, ƙofa ta ƙarshe. Tsohon ne ya buɗe da kansa yana lalube. Shekara talatin ya yi yana tantance wasiƙu a gidan waya, yanzu ko fuskar mutum ba ya ganewa sai an yi magana. Labule a sauke, falon da duhu-duhu, amma bangon da ke bayan talabijin yana ta sauya launi, shuɗi ya koma ja, ja ya koma ruwan ƙasa.

Ya ce 'yarsa ce ta aiko masa da fitilun daga inda take aiki, shekara huɗu ke nan ba ta zo ba. Hoton ba ya ganinsa, amma bango yana gani. In ya yi shuɗi ya san labarai ne, in ya hau tsalle-tsalle ya san talla ce. Ya yi 'yar dariya ya ce da bango yake hira tun da mai ɗakinsa ta rasu, kuma bango bai taɓa yi masa musu ba.

Da Sufeto ya tambaye shi zancen jiya, sai dariyar ta ɗauke. Barci yake yi, bai ga komai ba, bai ji komai ba. Ya lumshe ido ya jingina.

Saje ya shiga ɗakin kwana ya dawo da gwangwanin, babu komai ciki sai auduga. Shi kuwa Sufeto ya ɗauki rimot yana jujjuyawa, yatsansa ya taɓa wani maɓalli. Jerin manhajoji ya bayyana a fuskar talabijin, bangon ya mutu ɗif.

"Mayar min da shi, ɗana," in ji tsohon, idonsa a rufe. "Ba na son duhun nan."

Sufeto ya mayar. Ya tsuguna ya duba ƙasan talabijin ɗin. Wani ɗan baƙin akwati ne tsakanin dikoda da talabijin, waya ta shiga, waya ta fita. A jikinsa an manna takarda mai lambar wanda ya haɗa.

Da suka koma ofis ya sa aka fito da mai girkin. Da fari ta rantse ba ta taɓa taka ɗakin kwanan ba. Sufeto bai musa ba. Ya dai ce ya ga kwalaben maganin ido a jere a kan durowa, kowace an ɗaura mata zare, wata ƙulli ɗaya, wata biyu, wata uku, kuma bai ga alamar tsohon ne ya ƙulla ba. 

Sai ta fara share hawaye da bakin mayafi. Ita ta ƙulla, don Baba ya riƙa gane su da hannu. Kullum tana shiga ta gyara gado, sai dai Dogo ya hana ta tun bara, shi ya sa ta ji tsoron faɗa. Jiya ta shiga ƙarfe uku, kafin ya zo. Bayan nan tana kicin har ta tashi. Daga kicin kuwa ba abin da ta riƙa ji sai muryar mai karanta labarai.

Saje ya ce wanda ya yi ƙarya sau ɗaya ai zai yi ta biyu. Sufeto ya ce haka ne, ya ɗauko makullin mota.

Shagon mai haɗa fitilun ɗan lungu ne cike da wayoyi da matattun rimot. Injiniya ake kiransa, yana jin an ce 'yan sanda ya fara bayanin cewa shi kayansa duk da rasit. Sufeto ya ce ba kaya ya zo gani ba, karatu ya zo ɗauka.

Injiniya ya saki jiki. Ya ce fitilun iri biyu ne. Akwai mai 'yar kamara da ake ɗorawa a saman talabijin, ita tana kallon fuskar ne kamar mutum, duk abin da aka sa sai ta bi. Akwai kuma mai akwati, irin ta tsohon. Ita ba ta da ido, abin da ya ratsa ta cikinta ta waya kaɗai ta sani. Dikoda tana ratsawa, amma manhajar da ke cikin talabijin ba ta fitowa waje, balle akwatin ya san da ita.

"To in mutum ya buɗe ƙwallo a manhajar?"

"Sai ya kalla a duhu, yallaɓai. Ko ni na haifi akwatin nan ba zan sa shi ya bi ba. Kullum sai an zo an zage ni a kan wannan, wai na sayar da jabu."

Ya ƙara da cewa tun ranar da ya haɗa ya gaya wa tsohon, tsohon ya ce ba komai, shi daman ba ruwansa da manhaja.

Ƙarfe biyar na yamma Sufeto ya tara su a falon: tsohon a kujerarsa, mai girki a tsaye kusa da ƙofar kicin, Dogo yana kaɗa makullin babur. Ya miƙa wa Dogo rimot, ya ce ya nuna masa yadda ya yi jiya, daki-daki.

Dogo ya danna da gadara. Manhajar ta buɗe, koren fili ya cika talabijin, 'yan wasa suna gudu. Bangon ya yi baƙi. Ya sake dannawa, ya bubbuga rimot ɗin a tafin hannu, ya ce wataƙila yau ne abin ya lalace. Sufeto ya karɓa ya koma dikoda, launi ya dawo. Ya koma manhaja, ya ɗauke. Sau uku yana yi.

"Ina koren da ka gani jiya?"

Dogo ya ce mai yiwuwa ya rikita da wata rana. Sufeto ya juya wajen tsohon, ya rage murya.

"Baba, da safe idonka a rufe ka gane na kashe maka bango. Jiya daga huɗu zuwa shida, ya mutu?"

Tsohon ya daɗe yana murza hannun kujera.

"Bai mutu ba," ya ce. "Labarai ake yi har ya tafi. Na ji ƙarar durowa, na kuma san takun kowa a gidan nan."

Dogo ya zauna a ƙasa. Ya ce awarwaron suna cikin akwatin babur ɗinsa, a naɗe cikin safa, ko sayarwa bai yi ba. Ya ji kawu yana gaya wa 'yarsa a waya cewa ita ya ajiye wa.

"Ni nake kai ka asibiti, Kawu. Ni nake bin layi. Ita fitila kawai ta aiko."

Saje ya sauka ya dawo da safar. Tsohon ya roƙa kada a sa wa Dogo ankwa a gaban maƙwabta, Sufeto ya ɗaga kai. Aka fita da Dogo, takunsa yana raguwa a matakala, tsohon ya karkata kunne yana bi har ya daina ji.

Mai girki ce ta yi magana, a hankali.

"Baba, ashe ka sani. Ka bar ni na wuni a bayan kanta."

"Shi kaɗai yake zuwa, 'yata."

"Ni fa? Kullum nake zuwa."

 Ta shiga kicin, aka ji ta rufe tukwane, ta fito da jakarta. Ta gaya masa akwai abincin da zai kai shi gobe, mai ƙulli biyu kuma bayan ya ci ake ɗigawa. Ta ajiye makullin gidan a kan tebur ta fita.

Sufeto ya ninke takardunsa, ya ce za a kawo awarwaron in an gama rubuce-rubuce. Har ya kama ƙofa tsohon ya kira shi.

"Ɗana, kana sauri ne?"

Saje yana ƙasa yana danna hon. Sufeto ya dubi agogo, ya cire hularsa, ya jawo kujera ya zauna.