Ido a Cikin Wayar Auta

"Wa ya saka min wannan abin a waya?"

Auta ta dire wayar a kan teburin shagon da ƙarfi, har ƙananan kusoshi suka tarwatse. Saurayinta mai gyaran waya, wanda take tsokana da Injiniya, ya ɗago kai.

"Sahibata, zauna mana..."

"Ba zama ya kawo ni ba!"

Ko farar rigar aikinta ba ta cire ba. Da safe a asibiti ta yi ƙorafin cajinta ba ya daɗewa, mai kula da kwamfutocinsu ya duba, ya nuna mata wata ɓoyayyiyar manhaja. Duk inda ta taka, duk saƙon da ta rubuta, ana tura shi wata wayar. Bayan nan sau biyu tana kuskure jijiyar mara lafiya. Mutum ɗaya ne ya san lambar buɗe wayarta.

"Ranar da ka canza min gilashi ne, ko?"

Ya sunkuyar da kai. "Yayanki ne ya matsa min."

Yaya? Yayan da ya zame mata uba tun rasuwar Baba?

"Ya ce hankalin Umma ba ya kwanciya in kin fita. Ya ce in da gaske nake sonki, in taya shi kula da ke. Ya zan yi? Aurenmu a hannunsa yake!"

"Kai ma ka karanta?"

Ya hau tattara kusoshin.

"Injiniya, tambayarka nake!"

"Sau... sau biyu. Wallahi kishi ne, ban ga komai ba sai alheri."

Ta yi wata dariya mai ciwo, hawaye na gangarowa.

"Ka ga alheri! Ka ga saƙon ƙawata da ta yi ɓari, ko uwarta ba ta sani ba? Ka ga matan da ke turo min sakamakon gwajinsu don sun yarda da ni? Amanarsu ce kuka yi ta zagayawa da ita!"

"Zan cire yanzu, rabin raina. Minti biyu."

Ta tura masa wayar. Yana goge manhajar, ita kuwa ta kasa tsayuwa wuri ɗaya, daga bakin ƙofa zuwa teburi, daga teburi zuwa bakin ƙofa. Da ya miƙo mata, ta juya masa baya ta canza lambar.

"Ki yafe min. Ai Yaya ma za ki yafe masa..."

"Dole na yafe masa, jinina ne, Umma ma ba za ta iya ganinmu a rabe ba." Ta juyo ta dube shi. "Kai kuwa zaɓenka na yi. Da bakina na faɗa maka lambar nan."

Ta zare zoben da ya ba ta, ta ajiye a hankali cikin kusoshin. Ya biyo ta har titi yana kiranta, masu shaguna na leƙowa. Ta tsayar da mota ta shiga. Sai da suka sha kwana ta kifa kai a gwiwa, ta saki kukan da take riƙewa tun safe.