Tsohuwar da Ba Ta Sauka a Kalgo Ba

Ranar da abin ya fara, babu wanda ya ga alamar komai a gidan Abdulgani. Rana ta yi ja ta faɗa bayan rumbuna, kaji sun hau danga, matarsa Indo tana kwasar tuwo a madafa, hayaƙi ya kwanta a tsakar gida ya ƙi tashi. Kiran magariba kawai ake jira.

Abdulgani malamin allurar shanu ne na En'e, wato hukumar gargajiya, kuma a shekarun nan na alif ɗari tara da hamsin da 'yan kai shi kaɗai ke da babur mai ƙananan ƙafafun nan da ake kira basfa a duk unguwarsu cikin Gwandu. Wani Bature da zai koma gida ne ya sayar masa. Tun daga ranar bawan Allah nan bai sake zama wuri ɗaya ba. Yau yana Jega, gobe Kamba, jibi ka ji an gan shi a Yawuri. Har Kaduna ya taɓa kai shi, ya dawo da ciwon baya da labarin da ba ya ƙarewa. In zai tafi, sai ya naɗa rawani ya toshe kunnuwa saboda iska. Indo takan ce ko babu rawanin ma ba ji yake yi ba, kuma wallahi ba ta yi masa ƙarya ba.

'Yarsu ɗaya, Huseina, mai shekara tara. Tagwaye aka haife su, Hassan ya koma tun yana goye, kuma Allah bai sake ba su wani ba. Wasanta shi ne in uban ya dawo ya kafe babur a zaure, ta haye kujerar baya tana yin ƙarar inji da baki. A wannan karon ya dawo daga Kalgo da kwanaki kaɗan, zazzaɓi ya hana ta fita, sai a wannan yammacin ta samu ta haye.

Indo ta kira ta cin abinci, shiru. Ta sake kira, shiru. Ta ajiye mara ta leƙa zauren, sai ta same ta a kan kujerar, ta naɗe ƙafafu sama, ta kai hannu baya ta riƙe ƙarfen da ke riƙe da tayar ajiya. Bayanta ya ranƙwafa, kanta a sunkuye, ba ta motsi. Abdulgani da ke alwala ya zo ya ɗauke ta yana dariya, ya dire ta ƙasa. Tafin ƙafarta na taɓa ƙasa, yarinyar nan ta saki wata ƙara da ba ta yara ba, ta maƙale masa a wuya tana karkarwa. A daidai lokacin ne dutse na farko ya faɗo a bakin zauren.

Suka ce yaran maƙwabta ne. Abdulgani ya fita da sanda, bai ga ko akuya a lungun ba.

Daga ranar gidan ya rufe a kansu. Huseina ba ta taka ƙasa. A kan gadon kara take wuni, a kansa take kwana, in za ta kewaya sai uwar ta goya ta. Sau ɗaya Indo ta gwada shimfiɗa mata tabarma, yarinyar ta sume. Da rana takan yi magana da muryarta, ƙasa-ƙasa, ta nemi ruwa, ta tambayi ko ƙawayenta sun zo. Amma da inuwar danga ta kai bakin rijiya, sai bayan nan nata ya ranƙwafa, idanunta su tafi yamma, su tsaya can.

Sannan jifa ta fara. Tsakuwa, ɓaraguzan katanga, wani lokaci fasasshen kasko. Ba su taɓa samun kowa ba, sai dai duk inda aka kai yarinyar nan suke sauka, su kewaye gadon. Bayan danga kuma akwai muryoyi, da yawa, ba a fahimtar abin da suke faɗa, kamar hayaniyar kasuwa in ka jiyo ta daga gona. In an yi kiran isha'i sai komai ya ɗauke, shirun da ke biyo baya kuma ya fi jifar nauyi.

Maƙwabta suka zo jaje rana ta farko da ta biyu, daga nan suka koma gaisuwa ta kan katanga. Mai tallan nono ta daina shigowa. Abdulgani ya yi niyyar kai yarinyar asibitin Birnin Kabi, ya ɗora ta a baya, ya buga babur har gumi ya jiƙa masa riga, injin ko tari bai yi ba. Da ya sauke ta, bugu ɗaya ya tashi. Ya ce to bari ya je shi kaɗai ya ɗauko likita, yana kaiwa bakin gari injin ya mutu, ya turo shi ya dawo yara na kallonsa. Mutumin da ya kai Kaduna ya koma zaman zaure, yana kallon 'yarsa tana ramewa, wuyanta na tsawo. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa sani ba a kan hanya.

Akwai abin da ke damunsa da bai faɗa wa Indo ba. Ya san zaman nan da yarinyar take yi, ya taɓa ganinsa. Ranar da ya baro Kalgo da yamma, a bayan gari kusa da fadama, ya tarar da wata tsohuwa da ƙwarya a kai tana jan ƙafa. Mutumin kirki ba ya wuce tsohuwa da kaya, ko a kan jaki yake. Ya tsaya ya ce ta hau ya rage mata hanya. Ta hau, ta naɗe ƙafafu, ta riƙe ƙarfen baya. Ya ja rawani ya murɗa wuta. Bai waiwaya ba, don ba tarbiyya ba ce namiji ya riƙa juyowa yana kallon matar mutane. Sai da ya kai Kambaza ya tsaya ya duba, ya ga kujera babu kowa. Ya ce a ransa ta zame ne a inda ya rage gudu cikin rairayi, ya ƙara gaba.

Indo ce ta gaji da jiran ya yi wani abu. Ta aika aka ɗauko Malam Haliru daga Malisa, wani dattijo siriri mai ƙaramar murya, wanda aka sani da sha'anin mutanen ɓoye. Ya iso a kan jakinsa bayan la'asar. Bai tambayi yarinyar ba tukuna. Ya zagaya tsakar gidan yana duba inda duwatsun suka sauka, ya tsaya a kan babur ɗin ya daɗe, sannan ya tambayi Abdulgani wa ya ɗauka a bayansa. Abdulgani ya faɗi komai, Indo tana tsaye a bakin ɗaki tana ji. Ta dai kalli mijin nata.

Malam ya sa aka fito da gadon tsakar gida, ya zauna a kan buzu a gabansa, ya fara karatu a hankali. Inuwa ta kai rijiya. Bayan Huseina ya ranƙwafa. Duwatsu suka fara sauka, Malam bai ɗaga kai ba, sai dai ya ɗaga hannu ɗaya wajen danga kamar mai cewa a dakata, jifar ta tsaya. Ya yi sallama ga wanda ke jikin yarinyar.

Aka amsa masa cikakkiyar sallama, da muryar tsohuwa, busasshiya, mai gajiya.

“Baiwar Allah, mi ya kawo ki jikin ɗiyar mutane?”

“Kawo ni anka yi, Malam. Ban zo ba.”

Ta ce ita Musulma ce, gidansu na cikin wata tsamiya a bakin fadamar Kalgo. Ranar nan ɗiyarta ce ke kan gwiwa, haihuwa ta zo da gardama, ta fita neman magani, tana komowa da shi a ƙwarya wannan mutum ya tsaya mata. Ta ji daɗi, ta sa masa albarka. Da suka zo daidai tsamiyar ta ce masa nan za ta sauka. Bai ji ba. Ta sake faɗa, bai ji ba. Malam ya tambaye ta me ya hana ta taɓa kafaɗarsa, ko ta ɗaga murya.

“Haba Malam. In taɓa mijin wata? In yi mai ihu kamar mahaukaciya? Ba haka anka rene ni ba.”

Ta ce tana kallo tsamiyar ta koma baya, fadamar ta ɓace, suka ƙetare iyakar ƙasarsu. Bayan iyakar nan ido ba ya ganinta, kuma ba ta da izinin sa ƙafa a ƙasar wasu. Aljanun Gwandu ne ke jifa, korarta suke yi, ita kuwa ba ta da inda za ta taka ta tafi. Ta zauna a kan kujerar nan cikin zaure, ba ci ba sha, har yarinyar ta hau. Ta ce ba ta san ko ɗiyarta na da rai ba.

Abdulgani ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a gemunsa. Ya ce zai mayar da ita yanzu-yanzu, kafin dare ya yi nisa suna Kalgo. Tsohuwar ta ce har abada ba za ta sake hawa abin nan yana kuka ba. Sai dai ya kashe shi ya tura da hannu, kunnuwansa a buɗe, yadda in ta yi magana zai ji. Malam ya ce an yarda, amma ta saki yarinyar ta koma kan kujerar. Ta ƙi. Ta ce a kan kujera ba ta da bakin da ɗan Adam zai ji, kuma ta riga ta ga abin da rashin baki ya ja mata. Malam ya ƙara karatu, ya matsa mata har jikin yarinyar ya riƙa jijjiga, Indo ta toshe baki da gyale. Tsohuwar ta yi kuka, amma ba ta saki ba. Daga ƙarshe ya nemi ta rantse cewa da an kai tsamiyar za ta bar yarinyar lafiya.

“In na iske ɗiyata, shi ma ya iske tashi,” in ji ta. “Abin da za ni iya rantsewa ke nan.”

Malam ya juyo ya gaya wa Abdulgani gaskiya, cewa iyakar abin da ya samu ke nan, in ya ƙara matsawa yarinyar ce za ta karye.

Da asuba suka fita. Huseina a kujerar baya, Abdulgani na turawa, kansa babu rawani sai hula, Malam na biye a kan jaki. Indo ta raka su bakin zaure ta tsaya, ba ta koma ciki ba har suka sha kwana. Hanyar da yake cinyewa tsakanin la'asar da isha'i ta zame masa wuni biyu. Rairayi na riƙe ƙananan tayoyin, tafin hannunsa ya yi kanta ya fashe. A Kambaza mutanen da suka saba ganin ƙurarsa kawai suka fito suna tambaya ko mai ne ya ƙare, ya ci gaba da turawa. Ya ji abubuwan da bai taɓa ji ba a hanyar nan, kukan kurciya, amon turmi daga rugage, da numfashin 'yarsa a bayansa. Ko tari ta yi sai ya tsaya ya waiwaya.

Rana na gab da faɗuwa a wuni na biyu suka gangara fadamar Kalgo. Tsamiyoyi ne birjik, duk kama ɗaya, shi kuwa bai san wacce ba ce. Ya rage tafiya har kamar ba ya motsi. Sai ya ji ta, ƙasa-ƙasa sosai, irin maganar da ko iska mai ƙarfi za ta iya ɗaukewa.

“Nan za ni sauka.”

Ya tsaya cak. Yarinyar ta miƙe ƙafa ɗaya, ta taka ƙasa, babu ƙara. Ta sauko a ranƙwafe, ta ja ƙafa ta zagaya bayan wata tsohuwar tsamiya mai kogo. Abdulgani ya yunƙura zai bi, Malam ya riƙe masa hannun riga.

Suka tsaya. Hasken ya yi ta raguwa, kwaɗi suka fara, daga cikin gari aka kira magariba aka gama. Babu motsi a bayan itacen. Abdulgani ya durƙusa a gefen babur ɗin, yana kiran sunan Allah, yana tuna Hassan da ƙaramin likkafaninsa, yana tunanin abin da zai gaya wa Indo in ya koma da kujera babu kowa.

Can, daga cikin kogon tsamiyar, jariri ya yi kuka. Siririn kuka ne, kuma wata murya ta mace mai ƙuruciya ta rarrashe shi, ya yi shiru.

Huseina ta fito daga bayan itacen a miƙe, tana ɗaga ƙafa saboda ƙaya. Ta dubi fadamar, ta dubi Malam da jakinsa, ta dubi ubanta a durƙushe. Ta ce wani abu a hankali, don muryarta ta dushe. Abdulgani ya rarrafo ya kawo kunnensa daidai bakinta, ya ce ta sake faɗa.

“Baba, ina takalmana?”