Ƴar Siririya ta Bayan Rumbu

Kai Nomau, wace irin tambaya ce wannan? Wai don me na hana a nome bayan rumbu? Kai da ko hauya ba ka iya riƙewa, kai ne za ka koya mini gyaran gida? Angon banza, ko goro bai taɓa kawo mini ba, sai tambaya.

To, tun da kun tambaya, ku zauna. Tala, rufe bakinki. Wannan ba gatana ba ce. A gidan nan aka yi, nan Gangara, a kan idona.

Shekarar da aka sauke tutar Nasara aka ɗaga tamu, akwai wata yarinya a gidan nan. Jikata ce. Ba zan faɗi sunanta ba, yanzu ta fara girma, kunya take ji. Ita ce ɗiya mace ta farko da muka sa lakol, wato makarantar boko.

Da damina ta sauka, na yi mata abin da kakata ta yi mini. Na ba ta kaza mai kwanci, na zuba mata ƙwan zabi. Kun san zabuwa ba ta iya reno ba, kaza ke yi mata.

Na ce mata, "In kin raya su, naki ne. Da kaka sai a musanya miki su da ƴar akuya."

Kaza ta ƙyanƙyashe goma sha biyu. Yarinya ta yi ta tsalle. Kowace safiya sai ta buɗe akurki, kaza ta ja su zuwa bayan rumbu, su wuni can.

Me ke bayan rumbu? Wannan hakin da kuke rainawa. Mu ƴar siririya muke ce mata. In wasu na da wani suna, su suka sani.

Kun taɓa durƙusawa kun dube ta kuwa? Tsawonta bai kai taƙi ba. Karanta kamar zare, ja-ja, amma in iska ta kaɗa sai ta sunkuya ta miƙe, ba ta karyewa. Ganyenta sirara ne kamar allura, sun kewaye kowace gaɓa. Furenta fari, bai kai ƙwayar hatsi ba. Irinta kuwa kamar ƙura. Saiwa ɗaya gare ta. Damina ɗaya take yi a duniya. Kafin a yanke hatsi ta gama aikinta, ta zubar da iri, ta bushe. Irin ya kwanta cikin rairayi, rana ta gasa shi duk rani, bai mutu ba. Ruwan farko na taɓa shi, sai ya tashi. Ku gaya mini, a cikinku wa ke da wannan haƙuri?

To, ranar ƴanci ta matso. Ana hutu, amma Mushe Hayatu, malamin lakol, ya tara yara don koyon waƙar tuta.

Ya ce musu, "Ƙasa ta zama tamu. Ku share gari, ku share gidajenku. Kada baƙi su zo su ga haki ko'ina."

Magana mai kyau. Ni kuma a ranar na tafi Gazawa barkar haihuwa, can na kwana.

Yarinya ta dawo gida da zafinta. Ta share tsakar gida. Ta share ƙofar gida. Sai ta leƙa bayan rumbu.

Ta ce, "Kai, dubi ƙazanta! Kaka ta tsufa, ba ta gani. Bari in ba ta mamaki."

Ta ɗauki hauya. Ta kankare wurin ƙaf. Ta kwashe hakin ta watsa wa awaki. Ba ta tambayi kowa ba.

Da safe ta buɗe akurki, ta ruga wurin waƙa. Kaza ta je bayan rumbu, ta tarar da ƙasa fayau, ba abin tsattsaga. Sai ta bi ta kafar darni, ta ja ƴaƴan zuwa cikin doguwar ciyawa ta bayan gida. Ciyawar kuwa jiƙe take da raɓa.

Ɗan zabo ba ya shiri da raɓa. In ya jiƙe, sanyi ya kama shi, shi ke nan.

Da hantsi na dawo. Tun daga zaure na ji kuka. Na tarar da ita zaune a ƙasa, ƴan zabi cikin zanenta. Uku sun mutu. Ɗaya shirwa ta ɗauke. Sauran sun yi laƙwas, idanu rufe.

"Kaka, sun mutu duka!"

Na ce, "Yi mini shiru. Kuka ba ya ɗumama kowa. Hura wuta. Kawo ƙwarya."

Muka shanya su kusa da murhu. Biyu suka ƙi motsi. Na kifa musu ƙwarya, na ce ta yi ta bugawa da yatsu a hankali. Tana bugawa tana hawaye. Can sai muka ji, "Tsi, tsi." Ta ɗaga ƙwarya. Ga su tsaye suna rawar jiki.

Sa'annan na kai ta bayan rumbu.

"Wa ya sa ki wannan aiki?"

"Mushe ne ya ce a share haki."

"Mushe ya ce kada ki tambayi masu gida?"

Ta sunkuyar da kai. "Bai ce ba."

Na ce, "Hakin nan gajere ne. Rana na fitowa raɓarsa ta bushe. Ƴan zabi su ci irinsa, su kama ƙananan ƙwarin da ke ƙarƙashinsa. Rumbu kuma ya kare su daga shirwa. Kin rushe musu ɗakin girki, kin kora su daji."

"Kaka, yanzu ƙaƙa zan yi?"

"Abin da kika cire shi za ki mayar. Ga ƙwarya. Nemo ƴar siririya."

Ban gaya mata inda za ta je ba. Ƙafarta ce za ta koya mata.

Ta tafi fadama, tana zaton haki sai wurin ruwa. Ta sha laka har gwiwa, babu. Ta duba gindin tsamiya, cikin inuwa, babu. Ta shiga gonar da hatsi ya yi duhu, babu.

A bakin burtali ta gamu da Hamidu, Bafillacen da ke kiwon shanun gari. Ta gaishe shi, ta kwatanta masa.

Ya yi dariya. Ya ce, "Ƴar lakol, ɗaga ƙafarki. Kina taka ta."

Ta duba. Ga ta nan birjik a kan farin rairayi, inda rana ke duka, inda manyan ciyayi suka ƙi.

Hamidu ya ce, "Ba ta son laka, ba ta son inuwa. Rairayi da rana kawai take so. Na kai shanu arewa har inda noma ya ƙare, na gan ta. Na gangara ƙasar Katsina, na gan ta."

Yarinya ta haƙo ta da ƙasarta, a hankali, don kada saiwar ta tsinke. Ta kuma ɗebo rairayin gindinta, inda iri ya zuba. Ta yi ta kai da kawowa har wuyanta ya ƙage.

A hanya Mushe Hayatu ya gan ta da ƙwarya bisa kai. Ta ba shi labari. Mutumin kirki, sai ya biyo ta har gida. Ya gaishe ni, ya durƙusa yana duban hakin.

Ya ce, "Inna, da muna karatu an gaya mana irin wannan haki yana fitowa har ƙasar Makka da ƙasar Hindu."

Na ce, "To, ka ji. Ba ta da jaki, ba ta da guzuri, ta riga Alhaji Rabo na garinmu zuwa Makka."

Ya yi dariya har ya riƙe ciki. Daga ranar, in ya sa yara shara, sai ya ƙara da cewa su fara tambayar manya.

Yarinya ta kiyaye ƴan zabinta. Ba ta sake buɗe akurki ba sai rana ta shanye raɓa. Wasu daga cikin dashen suka bushe, wasu suka kama. Ranar ƴanci ta je ta yi waƙarta, ta dawo da gudu ta leƙa bayan rumbu.

Takwas ɗin nan duk sun rayu. Da kaka aka musanya su da ƴar akuya ja. Da damina ta zagayo, ƴar siririya ta cika bayan rumbu, ta fi da. Nonon da kuka sha da tuwon ɗazu, na akuyar nan ne.

To, kun ji. Kada ku raina abu don ƙanƙanta, Allah bai yi shi a banza ba. In kun ga babba ya bar abu a wurinsa, ku tambaya kafin ku sa hannu.

Kai kuwa Nomau, yau ka tambaya kafin ka ɗauki hauya. Wannan kaɗai ya cece ka.

Tala, duba ko an rufe akurki. Sauran ku tashi, ku kakkaɓe tabarmi. Kowa ya je ya kwanta. Kada in ƙara jin bakin kowa.