Uwar Gangar Gidan Corvelle

Da aka fasa jan kakin da ke bakin ƙaramar gangar, kowa a zauren otel ɗin ya zuba ido. Bikin cikar Gidan Corvelle shekara ɗari da hamsin ake yi a Paris, a kakar 2011, kuma abin da ke cikin gangar nan shi ya tara manyan masu ɗanɗanon giya na ƙasar. Wani tsoho ya kurɓa, ya juya a baki, ya tofar a tasa. Na kusa da shi ma ya yi haka.

"Wannan ba ta kai shekara goma ba," in ji tsohon. "Da ƙonannen sukari aka yi mata kala."

Kafin la'asar 'yan sanda sun kama direban da ya kawo gangar daga Lyon.

Washegari aka kira Rose Ɗanyaro. 'Yar Wusasa ce ta Zariya, ta zo Faransa karatun harsuna, ta ƙare a tafintar kotu da ofishin 'yan sanda. Takan ce aikinta irin na bututu ne, magana ta shiga nan ta fita can, ba mai tambayar ra'ayinta. Kyaftin Claire Monnier, wadda ke riƙe da binciken, ta yi mata bayani a tsaye suna shan kofi mara daɗi.

Gidan Corvelle giyar inabi suke yi, irin wadda ake ƙara wa barasa mai ƙarfi don ta riƙe zaƙinta ta daɗe ba ta lalace ba. A rumbunsu na ƙarƙashin ƙasa akwai wata babbar ganga da kakan gidan ya cika da hannunsa. Uwa suke ce mata. Kowace shekara a ɗebi kaɗan a gauraya cikin kwalaben gidan, a cike gurbin da sabuwa. Ba a taɓa ƙarar da ita ba, shi ya sa suke alfahari cewa kowace kwalba tasu na ɗauke da ɗigon hannun kakan. Daga Uwar nan aka cika ƙaramar gangar bikin, mai gidan Madam Bernadette ta rufe bakin da kaki ta danna zobenta.

"A hanya aka sauya," in ji Claire. "Direban ya tsaya inda ba a aike shi ba."

Sunansa Maazou, mutumin Maraɗi, dogo, furfura ta fara cin gemunsa. Yana jin faransancin aiki, amma na 'yan sanda ya fi ƙarfinsa. Da ya ji Rose ta ce masa sannu da Hausa, sai da idonsa ya kawo ruwa.

"Ka tsaya a unguwar Porte de la Chapelle?" Claire ta tambaya, Rose ta juya masa zuwa Hausa.

"Na tsaya."

"Wurin wa?"

"Malama, ki ce mata ban taɓa gangar ba. Ni ko warinta ba ni so. Mi zan yi da ita?"

"Wurin wa ka tsaya?"

Ya dubi tebur. "Ku kira Madam. Ita ta san ni. Ita ta ba ni makullin rumbu da hannunta, ta ce ni kamar ɗanta nike."

Ya ƙi faɗin sunan kowa. Aka wuce da shi gidan kaso kafin shari'a.

A bakin ƙofa Rose ta tarar da matarsa Aïcha, wadda ta taso daga Lyon a jirgin ƙasa na farko. Ta kama hannun Rose ta ja ta gefe.

"Yaya Rose, saƙo ne wallahi. Kilishi da magani ya kai ma ɗan ƙanwarshi. Yaron ba shi da papiye, takardun zama. In ya hwaɗi sunanshi, gobe sun sa shi a jirgi."

"In bai faɗa ba kuma shi za su ɗaure, su soke takardunsa."

"To mi za mu yi?"

Rose ta san al'adar sarai: Bahaushe ba ya tuƙa mota daga wani gari zuwa wani ba a liƙa masa ƙullin kaya ba, kuma ba ya cewa a'a. Yanzu ga gaskiya a bakinta, in ta furta ta hallaka wani, in ta haɗiye ta bar wani a kaso. Ta koma gida ranta a jagule, ta kasa cin abinci.

Da Claire ta ce za ta Lyon, kuma ma'aikatan rumbun Hausa suke ji, Rose ba ta jira an roƙe ta ba.

Kafin su tafi, suka fara da Jean, ɗan Madam, mai kula da ciniki a Paris. Shi Claire ta fi zargi bayan direban, don an san yana da tsadar rayuwa.

"Wa ya kawo shawarar kai gangar Paris?"

"Ni. Mama ta ƙi, muka yi ta rigima. Sai da na sanar wa jaridu sannan ta haƙura."

"Ka ɗanɗana kafin a rufe?"

"Ba ni da izini. Tun da Baba ya rasu, mai zoben gidan kaɗai ke sha daga Uwa."

"Muna so mu ɗebi kaɗan mu gwada."

Jean ya dube ta kamar ta ce za ta tone kabarin kakansa. "Sau ɗaya ake buɗe ta a shekara, ranar bikin Saint Martin a watan Nuwamba. Don bikin nan ne kawai aka karya al'adar, ba za a sake ba."

Da suka fito Claire ta girgiza kai. Ɓarawo ba ya gayyato masana su zo su ɗanɗana satarsa a gaban 'yan jarida. Ta cire Jean daga zargi.

Na biyu shi ne Armand, tsohon shugaban rumbun, wanda aka sallama shekarun baya kuma kowa ya san yana riƙe da gidan a zuciya. Suka same shi a gidan tsofaffi a Lyon, kan keken guragu, ɓarin jikinsa ya shanye. Ko cokali ba ya iya ɗagawa da kyau balle ganga. Amma bakinsa lafiya lau.

"A zamanina," in ji shi, "ranar Saint Martin kowa na sha. Akwai ƙoƙon azurfa, daga mai gida har mai shara. In Uwa ta yi tari, mutum ashirin za su ji a harshensu."

"Yaushe aka sallame ka?" Claire ta tambaya.

"Shekarar zafin nan da ya kashe tsofaffi. Mai gida ya rasu a farkon shekarar. Na tafi hutun bazara, na dawo na tarar an canja makulli. Ni da yarana duka, wai gidan na son sabon jini."

Rose ta riƙe maganar, ko da yake ba ta san inda za ta ajiye ta ba tukuna.

Rumbun sanyi gare shi, da warin itace da zabibi. Mutum biyu suka tarbe su, Chaibou mutumin Tawa da Yaya ɗan Chadi. Aka gaisa, aka tambayi gida da sanyi, aka jajanta. A wani lungu bayan gangunan Rose ta hango darduma uku a naɗe da buta. Ta kusa yin dariya, rumbun giya guda amma ya fi wani masallacin unguwa masu kiyaye lokaci. Dariyar ba ta fito ba.

"Malam Chaibou, ku nawa ne ke aiki nan ƙasa?"

"Mu ukku ne, da Maazou."

"Ba Bature ko ɗaya?"

"A'a. Madam ta ce mu ta yarda da mu. In an rasa mutum, cewa take mu kawo ɗan'uwa mai salla."

"Ranar buɗe Uwa fa, me kuke yi?"

"Maazou shi ɗebo, ni in riƙe hitila, Madam ta sha ta ce Uwa na nan da rai. Mu yi mata tahi, shi ke nan."

Rose ta juya wa Claire duk wannan kalma da kalma, kamar yadda aikinta ya ce. Sannan ta yi abin da aikinta bai ce ba. Ta zaga bayan babbar gangar ta tsuguna. Katakan duk sun yi baƙi da tsufa, sai guda ɗaya can ƙasa da ya fi sauran haske, ko da yake an shafa masa wani abu. Dutsen daɓen ƙarƙashinsa ya rine, rinin ya bi gangare har bakin magudana, an goge an goge bai fita ba.

"Kyaftin," ta ce da suka hau sama, "wa ya ce ku duba inda direban ya tsaya?"

Claire ta ce, "Madam Bernadette. A otel ɗin, tun kafin mu tambaya. Ta ce yakan tsaya wurin mutanensa."

"To ki nemi izinin alƙali a buɗe Uwa. Ina jin ba a hanya aka sauya komai ba."

Sai da aka ɗauki makonni kafin izinin ya fito, don lauyoyin gidan sun yi ta ja. Duk lokacin nan Maazou na kulle, Aïcha na kiran Rose safe da yamma, ita kuwa ba abin da take iya cewa sai a ƙara haƙuri, har kalmar ta fara ba ta kunya.

Ranar da aka buɗe, Claire ta sa aka kawo Armand, 'yan sanda biyu suka sauko da kekensa. Aka ɗiga masa a ƙoƙon azurfar. Ya shinshina, ya kurɓa, ya daɗe bai haɗiye ba. Sai hawaye.

"Ba ita ba ce," ya ce. "Uwa ta mutu."

Gwajin masana ya tabbatar: abin da ke cikin babbar gangar da na ƙaramar duk ɗaya ne.

A ofishin alƙali mai bincike a Paris aka haɗa su. Madam Bernadette, 'yar ƙaramar tsohuwa mai farin gashi, ta zauna a miƙe da zoben a yatsanta. Aka shigo da Maazou ya rame, amma da ya gan ta sai ya rusuna ya gaishe ta kamar kullum. Claire ta jero abin da ya faru, Rose na juya masa a hankali.

A zafin 2003 katako ɗaya ya tsage lokacin da ma'aikata ke hutu, Uwa ta tsiyaye ƙasa. Madam ta kawo mai gyara daga nesa, ta cika gangar da sabuwar giya mai kala. Ɗigon da ake sa wa kwalabe kaɗan ne, mai saye ba zai gane ba. Waɗanda za su gane su ne masu shan ƙoƙon azurfa, don haka ta kori Armand da yaransa, ta soke al'adar, ta cika rumbun da mutanen da ko an ba su kyauta ba za su kai baki ba. Da Jean ya tilasta mata kai gangar Paris, ta san asiri zai tonu. Sai ta tura Maazou shi kaɗai, tana sane yakan tsaya kai saƙo, tana kuma sane ba zai taɓa faɗin wurin wa ba.

"Haka ne, Madam?" alƙali ya tambaya.

"Mijina ya bar mini ita da rai," in ji ta. "Wata shida kawai ta yi a hannuna. Ta yaya zan faɗa wa ɗana?"

Alƙali ya ce za a saki Maazou a ranar, ita kuma za ta amsa tuhumar zamba da ƙazafi. Kowa a ɗakin ya san gidan ba zai tashi daga wannan ba, kuma aikin mutum uku ya tafi tare da shi. Rose ta zaci za ta ji daɗi. Ba ta ji komai ba sai gajiya.

Maazou ya ɗaga hannu kamar ɗan makaranta.

"Malama, ki tambayam mini ita. Ranar da ta ba ni makulli, ta ce ni ɗanta ne. Wannan hwa?"

Rose ta juya tambayar. Tsohuwar ba ta kalle shi ba, zobenta take kallo.

"Na zaɓe ka ne don ba ka sha."

Faransanci ne mai sauƙi, irin wanda ko sabon zuwa zai gane. Rose ta ga ya ji, ta ga maganar ta shige shi. Duk da haka ya juyo gare ta ya zuba mata ido yana jira, ko a Hausa za ta fito daban. Alƙali ma yana jira, mai rubutu ya ɗaga hannu daga na'ura. Rose ta yi rantsuwar aiki ba za ta ƙara ba, ba za ta rage ba, kuma ta duba duk Hausar da ta sani tun daga Wusasa ba ta sami wata mai taushi ba.

"Malam Maazou," ta ce, "ta ce ta zaɓe ka ne don ba ka sha."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya laluba aljihunsa kamar mai neman makullin da zai mayar, sai ya tuna 'yan sanda sun karɓe shi tun ranar farko.

"To," ya ce. "Ki ce mata na gode."

Rose ta juya wannan ma.